Ƙwai a Bakin Hanya, Bota a Kulle

Duk Bahaushen da ya sauka Ingila a farkon shekarun 2000, idan ya sayi katin waya ya kira gida, da wuya ya fara da labarin dogayen gine-gine ko jiragen ƙasa. Sanyi ne farko, sai cefane. Zai ce a nan ba a taya kaya, abin da aka rubuta a jikin kanta shi za ka biya, ko kai ɗan sarki ne ko ɗan dako. Zai ce in ka sayi abu ka je gida ka ga bai yi maka ba, kana iya mayarwa da rasit a hannu, a ba ka kuɗinka ba tare da rantse-rantse ba. Zai ce tun kafin asuba mai madara yake zagawa da 'yar motarsa mai batir yana ajiye kwalabe a ƙofar gidaje, su daɗe a nan babu mai taɓawa. Na ji waɗannan labarai kafin in taho, na kuma ba da su da bakina bayan na zauna a Manchester, domin haka abin yake a lokacin.

Wanda ya fi ɗaure wa baƙi kai shi ne na ƙwai. In ka bar Manchester ka nufi tuddan Derbyshire, za ka riƙa ganin 'yan akwatunan katako a bakin ƙofar gona, wasu an yi musu rufi don ruwan sama. A ciki akwai ƙwai shida-shida a kwalin takarda, wani sa'in da kwalbar zuma ko dankali a jaka, an rubuta kuɗin kowanne da alli a ɗan allo. Gefe guda ga gwangwani, kai za ka saka kuɗi, in akwai canji kai za ka ɗauka. Na taɓa tsayawa a irin wannan wuri da wani dattijo ɗan kasuwar Kwari da ya zo duba lafiyarsa. Ya leƙa hagu, ya leƙa dama, ya ce, "Malam, ina mai kayan?" Na ce, "Alhaji, ƙila yana gona, ƙila yana cikin gida." Ya ce, "To wa ke ƙirgawa?" Na ce babu kowa. Ya buɗe kwalin ya duba ƙwan ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ɗan kasuwa ba ya iya barin dubawa, ya ƙirga sulallan a tafin hannunsa sau biyu, ya zuba a gwangwanin. Har muka koma mota yana girgiza kai.

Hukuncin da mutanenmu suke yankewa daga irin wannan, a hirar bayan sallar Juma'a ko a wurin suna, kusan ɗaya ne: wai su Turawa gaskiya a jininsu take, mu kuwa muna da addini amma mun bar musu aikinsa. Maganar tana da daɗin faɗi, tana kuma sa mai ji ya sunkuyar da kai, amma ba ta taɓa kwanta mini ba. Wanda ya shiga jirgin cikin gari ya je Rochdale, wadda ba ta da nisa da Manchester, zai ga dalili. A wani lungu mai suna Toad Lane akwai tsohon shago da aka mayar gidan tarihi. A nan ne, ranar 21 ga Disamba 1844, wasu talakawa 28, da yawansu masaƙa, suka buɗe kantin haɗin gwiwa da jarin da suka tara fam ɗaya-ɗaya. Abin da ke kan kantarsu a daren farko bai wuce garin alkama da garin ot da sukari da bota da kyandir ba. Abin da ya tunzura su shi ne halin masu kantunan garinsu, waɗanda suke gauraya gari da alli, su cakuɗa ganyen shayi da wasu ganyaye, su kuma yi wa sikeli dabara. Alkawarin da suka yi wa juna shi ne kaya marar algus da awo cikakke. Shekara 14 bayan haka, a 1858, aka yi abin da ya girgiza ƙasar a Bradford. Wani mai yin minti ya saba ƙara garin filasta a cikin sukari don ya rage tsada. Ya aika a sayo masa garin, aka yi kuskure a shagon magani aka ba shi gubar arsenik. Kimanin mutum 20 suka mutu, yawancinsu yara, sama da 200 suka kwanta. Dokar farko ta hana algus a abinci ta zo a 1860, wasu suka biyo baya suna ƙara mata ƙarfi.

Ashe ke nan kakannin mutanen da muke yabo sun sha gari mai alli, sun binne 'ya'yansu saboda kwaɗayin mai alewa. Abin da muka tarar gini ne da aka ɗauki shekaru sama da ɗari ana yi. Har yau kowace ƙaramar hukuma tana da jami'an duba awo da ingancin kaya, suna shiga shago ba sallama da duwatsun awonsu, su gwada sikelin mahauci da na mai kayan miya. Mai shago ya san za a iya zuwa ko da yaushe, mai saye kuma ya san inda zai kai ƙara. Ga ciki a ƙoshe. Idan mutum yana da aikin da ke biyan haya da abinci, ƙwai shida ba su isa su sa ya zubar da mutuncinsa ba. Mu da muka tashi muna karanta Suratul Muɗaffifina a allo mun san hukuncin tauye mudu tun muna yara, abin da kasuwanninmu suka rasa shi ne mai zuwa ya gwada mudun ya kuma hukunta.

Akwai wani abu game da mutanen Rochdale da na daɗe ina juyawa. Sun haramta bashi a kantinsu, kuɗi hannu kawai. Mu a wurinmu littafin bashin mai kanti shi ne alamar yarda, wanda aka buɗe wa shafi an ɗauke shi mutum. Su kuwa sun ga yadda bashi ke ɗaure ma'aikaci a shago ɗaya, ta yadda ko an ba shi ruɓaɓɓen kaya ba shi da bakin magana, tun da ana bin sa. Duka biyun gaskiya ne, na kuma ga kowanne da idona a wannan gari.

Lokacin da na zo, babban kanti yana da mutane. Layin masu karɓar kuɗi ya kai goma ko fiye, yawancinsu mata masu ɗan shekaru, kuma da yake unguwa ɗaya ce sai fuska ta saba da fuska. Akwai wadda ta san matata ba ta sayen abin da aka sa gelatin, in ta ga alewar yara a cikin kayanmu sai ta juya bayan ledar ta nuna da yatsa. In ka manta canji za ta ƙwala maka kira, in kai ma aka ba ka fiye da haƙƙinka ka mayar, ta yi godiya, mako mai zuwa ta gaishe ka da fara'a. Ƙananan abubuwa ne, amma a kansu baƙo yake gane cewa ya fara zama ɗan unguwa.

A tsakiyar shekarun 2000 na'urorin biya-da-kanka suka fara bayyana, biyu ko huɗu a gefe. Yau a kantuna da yawa su ne suka cinye fili, mai karɓar kuɗi ɗaya ko biyu suka rage. Kai za ka nuna wa na'ura lambar jikin kowane kaya, ka ajiye a gefen da ke da sikeli a ɓoye, ita kuma ta kwatanta nauyin da abin da ta sani. In jakarka ta taɓa wurin ko ɗanka ya dafa, sai muryar mace ta ɗaga tana shelar cewa an ajiye abin da ba ta san da shi ba, fitila ta kama ja, kowa ya waiwayo. Kayan da ba su da lamba, kamar albasa da ayaba da tattasai, kai za ka ɗora ka zaɓi hotonsu a allo. Daga Oktoba 2015, da aka fara cajin kwabo 5 kan ledar zuba kaya a Ingila, sai ta ƙara da tambayar leda nawa ka ɗauka, kai za ka danna adadin.

An ce mana wannan yarda ce da sauƙaƙawa. Ni ban ga yarda a ciki ba. Kanti ya lissafa albashin matan nan, ya lissafa abin da zai ɓace in aka bar mutane da na'ura, ya ga na biyun ya fi sauƙi, sai ya sallami matan ya ba mu aikinsu kyauta. Abin da ya biyo baya kowa ya san shi. Mutanen da ba za su taɓa iya kallon idon mai kanti su ɓoye abu a aljihu ba suka koyi ɗora afokado su danna hoton karas, su ɗauki leda uku su danna sifili. Na ji masu digiri, namu da nasu, suna ba da wannan labari a bainar jama'a suna dariya, suna cewa ai ladan aikin da suka yi wa kanti ne. Sata ce, ba ni da wani suna da zan ba ta, kuma na sha faɗa wa 'ya'yana cewa rashin mai gani ba ya halatta kwabo. Sai dai wanda ya janye mutum daga wurin ya san abin da ya janye. Kunya tana buƙatar fuska, kuma yawancin 'yan Adam, a kowace ƙasa, kunya ce ke riƙe hannunsu kafin tsoron Allah ko tsoron hukuma ya iso.

A shekarar 2013 kuma aka ga cewa ba mai saye kaɗai ke danna hoton karas ba. A watan Janairu hukumar kula da abinci ta Ireland ta fitar da sakamakon gwajin curin niƙaƙƙen nama iri 27 da ake sayarwa da sunan naman sa. A 10 ta samu alamar doki, ɗaya daga ciki, na kantin Tesco, kashi 29 cikin 100 na namansa doki ne. Ba a jima ba aka gano taliyar lasanya ta kamfanin Findus wadda a wasu kwalayen naman gaba ɗaya na doki ne. Da aka bi sawu, sai ga naman ya fito daga mayanka a Romaniya da sunansa na gaskiya, ya bi ta hannun dillalai a Holan da Cyprus, ya shiga wani kamfani a Faransa, ya fita da sunan naman sa zuwa masana'anta a Luxembourg. Jaridun Ingila dokin suka kama, domin Bature ɗan Ingila yana ƙyamar cin doki. Mu kuwa wani layi ne a rahoton ya hana mu barci: a 23 daga cikin 27 ɗin an samu burbushin alade, ko da yake kaɗan ne ƙwarai. A watan Fabrairu kuma aka samu irin wannan burbushi a kayan gashi masu tambarin halal da ake kai wa gidajen yari.

Wanda bai zauna a ƙasar da Musulmi suke tsiraru ba zai yi wuya ya gane nauyin wannan. A gida ba ka tambayar mahauci ko ya yi bisimilla. A nan kuwa naman yana zuwa a leda, daga wurin da ba ka taɓa gani ba, ta hannun mutanen da ba ka sani ba, abin da ke tsakaninka da haram ɗan tambari ne da bai fi girman sulai ba. Ƙungiyoyin da ke ba da tambarin ma ba bakinsu ɗaya ba. HFA, wadda ta fara a 1994, tana karɓar wasu hanyoyin sumar da dabba kafin yanka muddin tana da rai lokacin da wuƙa ta sauka. HMC, wadda aka kafa a 2003, ba ta karɓar sumarwa sam, tana kuma tura masu duba shagunan da ke ɗauke da takardarta. Na ga gidajen da miji da mata suka yi saɓani kan wannan, na ga wanda ya daina cin nama a gidan ɗan'uwansa. Gwamnati ta sa aka yi bincike, a 2015 aka kafa sashe na musamman na yaƙi da laifukan abinci. Amma a gidajenmu abin da ya faru shi ne mutane da yawa suka bar naman babban kanti suka koma wurin mahaucin unguwa, a Cheetham Hill ko Longsight ko Rusholme, inda aƙalla akwai wanda za ka kalla ka tambaya.

Kada a ɗauka ina cewa shagunanmu tsarkaka ne. A 2004 da 2005 hukumar abinci ta Birtaniya ta yi ta fitar da gargaɗi kan manjan da ake shigowa da shi daga Afirka ta Yamma, wanda aka zuba wa wani rini ja na masana'antu don ya yi kyan gani, rinin da aka haramta a abinci saboda ana danganta shi da ciwon daji. A watan Yuni 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da ake samu a ciki, irin sinadarin da ke cikin fiya-fiya. Bayan haka ba a daina ganin wake a shagunan Moston Lane da ke nan Manchester ba, sai dai ba kowa ne zai gaya maka ta inda ya biyo ba. Akwai kuma babbakakken naman tunkiya da fatarsa, wanda doka ta hana sayarwa a nan, ana yanka shi a ɓoye a wasu gonaki ba likitan dabbobi, a kawo shi cikin motar da ba ta da sanyi. Mai sayarwa yana rage murya ya ce maka akwai na musamman a baya, kamar alfarma yake yi maka. Marmarin gida yana sa mutum ya rufe ido, masu wannan sana'a kuwa da marmarin suke ciniki. A watan Maris 2020, da Korona ta shigo mutane suka wawushe kantuna, wasu shagunan unguwa, na masu sallah tare da mu, suka ninka kuɗin shinkafa da kaza cikin kwana biyu. Mutane ba su manta ba. Akwai shagon da har yau matan unguwarmu ba sa shiga, ko da ya fi kusa kuma yanzu ya fi araha.

A shekarun da suka biyo bayan Korona ne babban kanti ya sauya kama gaba ɗaya. A watan Maris 2023 tsadar kayan abinci a Birtaniya ta haura kashi 19 cikin 100 a shekara guda, abin da ba a gani ba tun shekarun 1970. Ƙungiyar Trussell, mai rumbunan tallafin abinci, ta raba ƙunshi sama da miliyan 3 a shekarar 2023 zuwa 2024. Satar kanti da 'yan sanda suka rubuta a Ingila da Wales ta wuce rabin miliyan a 2024, mafi yawa tun da aka fara ƙirga ta a wannan tsari. Sai ga bota da cuku da madarar jarirai an manna musu na'urar ƙararrawa, ga nama a cikin akwatin roba mai kulle, ga kwalbar kofi babu komai a ciki an rubuta ka kai wa ma'aikaci ya ba ka ta gaske. Wasu kantunan suka kafa ƙofa bayan na'urorin biya, ba za ta buɗe ba sai ka nuna mata rasit. Kowace na'ura kuma ta samu ƙaramin allo a sama, kana ganin fuskarka a ciki yayin da kake ƙirga tumatir. Akwatunan ƙwai na ƙauye ma da yawansu yanzu gwangwanin an ɗaure shi da kwaɗo, wasu an kafa musu kyamara, ko da yake suna nan ba su ɓace ba.

A daidai wannan lokaci kayan da ke kan kanta suna ta ƙanƙancewa. Tun 2016 aka yi ta surutu da cakulan Toblerone ya faɗaɗa ramukan da ke tsakanin tsininsa, mai giram 170 ya koma 150 a kwali mai tsawo ɗaya. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ƙirga kaya sama da 2,500 da suka ragu a girma tsakanin 2012 da 2017, abin kuma ya ƙara yawa bayan tsadar. Wannan shi ne mudun da aka buga wa gindi ya shige ciki, bambancin kawai an rubuta sabon nauyin da ƙananan baƙaƙe a ƙasan kwali, don haka doka ba ta da ta cewa. Farashi ɗaya da muke yabo shi ma ya rabu biyu: akwai na mai katin kanti, akwai na wanda ba shi da shi, kuma kuɗin katin shi ne ka bar su su rubuta duk abin da gidanka ke ci. Ina ganin rashin adalci ne a kulle bota saboda mai saye, alhali kwalin botar an rage shi a ɓoye, sannan a ce matsalar amana daga ɓangare ɗaya take.

Masu gadin ƙofar waɗannan kantuna, in ka lura, yawancinsu baƙi ne irinmu: 'yan Najeriya, 'yan Somaliya, 'yan Pakistan. A kantin da nake zuwa akwai wani saurayi ɗan zangon Kumasi, Hausarsa tas, ya ji ina waya da Hausa ya gaishe ni, tun daga nan muke taɓa hira in babu cunkoso. Ya ce mini masu ɗauka iri biyu ne. Akwai waɗanda ke shigowa da babbar jaka da rana tsaka, su share kantar nama ko ta sabulun wanki, su fita suna kallonsa, domin sun san an hana shi taɓa su, sun kuma san dokar 2014 ta mayar da satar da ba ta wuce fam 200 ba ƙaramin laifi, 'yan sanda ba sa saurin zuwa. Waɗannan sana'a suke yi, kayan a mashaya ko a intanet suke ƙarewa. Akwai kuma matar da ta biya kuɗin burodi da madara, gwangwanin abincin jariri yana ƙarƙashin keken yaron. "Baba, wallahi wannan ita ce ke hana ni barci," in ji shi. "Na farkon ba na iya tsayar da shi, ta biyun ita ce ke tsayawa in na yi magana." Ya ce abin da ya fi ƙi a aikin shi ne a ce masa ta rediyo ya bi wani, ya duba ya ga sa'ar mahaifiyarsa ce da mayafi, ba ta yi komai ba sai daɗewa tana karanta bayan kwali.

Wannan na ƙarshe kowannenmu ya san shi. Musulmi yana daɗewa a gaban kanta domin yana neman gelatin ko giya a jerin abin da aka haɗa, mai kallo ta kyamara kuwa daɗewar kawai yake gani. In ka kasance baƙar fata, ko mace mai hijabi da babbar jaka, sawun da ke bayanka ba sabon abu ba ne. Na ga matanmu sun koyi riƙe rasit a sama tun kafin su kai ƙofa, sun koyi barin jakar hannu a rufe, suna gargaɗin 'ya'yansu maza kada su sa hannu a aljihu a cikin kanti. Yanzu kuma ana shigo da kyamarorin da ke gane fuska. A 2025 kantin Asda ya gwada su a rassa biyar a yankin Manchester, wasu kantunan ma suna nasu gwajin. Na'urar tana kwatanta fuskar duk mai shigowa da hotunan waɗanda aka taɓa zargi. Hukumar gwaje-gwaje ta gwamnatin Amurka ta nuna tun 2019 cewa da yawa daga irin waɗannan manhajoji sun fi yin kuskure a kan fuskokin 'yan Afirka da 'yan Asiya, kuma an riga an ji labarin mutanen da aka fitar daga shago a gaban jama'a saboda an ɗauke su wasu ne. Matar da ta san mu da fuska tana juya mana bayan leda, wannan kuwa fuskar kawai ta sani.

Ba kowa ne ya bi wannan hanya ba. A watan Nuwamba 2023 kantin Booths, na arewacin Ingila, ya sanar da cire na'urorin biya-da-kanka daga rassansa 28 in ban da biyu, ya mayar da mutane. Na yaba musu. Sai dai rassansu suna garuruwan masu hali ne, kayansu kuma ba na aljihun mai aikin gidan kula da tsofaffi ba ne. Abin da ke damuna ke nan: gaisuwa da yarda suna neman zama kayan marmari, mai kuɗi ya saya, talaka a bar shi da ƙofa mai neman rasit.

Inda abin ya rage mana shi ne ƙananan shaguna, da duk aibinsu. Mahaucin da nake zuwa dattijo ne ɗan asalin Kashmir, sikelinsa yana fuskantar mai saye, yana cire kitse kafin ya auna ba bayan ya auna ba, in ya gama kuma ya jefa ƙashi ɗaya ko biyu na miya, abin da mu za mu kira gyara. A ƙarƙashin kantarsa akwai littafi mai jan bango. Da can sunayen da ke ciki na 'yan garinsu ne. Daga tsakiyar 2023, da naira ta faɗi, ɗaliban Najeriya da suka zo da iyalansu suka ga kuɗin da aka tara musu a gida ya narke kafin ya iso, sai sunayenmu suka fara cika shafukan. Ya ba su kaza da niƙaƙƙen nama har ƙarshen wata, bai nemi fasfo ba, bai nemi adireshi ba. Na tambaye shi ko suna biya. Ya ce, "Ɗan'uwa, yawancinsu suna biya. Akwai wanda ya koma Najeriya, bayan wata shida ya turo abokinsa da kuɗin." Akwai kuma waɗanda suka sauya gari ba sallama, bai ɓoye mini ba.

Ɗansa, wanda aka haifa a nan kuma shi ke riƙe lissafin shagon yanzu, yana so a rufe littafin. Hujjarsa ba ta banza ba ce: haya ta tashi, kuɗin wutar firiji ya ninka, mai kawo nama ba ya jiran ƙarshen wata, kuma wanda ake bi bashi yakan daina zuwa shagon gaba ɗaya don kunya, a rasa kuɗin a rasa cinikin. Uban ya ce muddin yana raye ba za a mayar da mai iyali hannu wofi ba. Sun daɗe suna ja, a ƙarshe suka tsaya a kan cewa littafin zai zauna, amma kowane shafi yana da iyakar da ba za a wuce ba, kuma ba za a buɗe wa sabon mutum ba sai wani tsohon abokin ciniki ya kawo shi ya tsaya masa. Tun daga lokacin, idan sabon ɗalibi ya zo masallaci aka ga alamar yana cikin matsi, ɗaya daga cikinmu yakan raka shi shagon bayan sallah. Ana rubuta sunansa a sama, a rubuta na wanda ya kawo shi a ƙasa, in wata biyu suka wuce bai biya ba, na ƙasan ake kira.